Shekarar da aka ba ni aikin nemo sababbin mambobi a ƙungiyarmu ta jami'a a Amurka

Ni ɗan Zariya ne, a Tudun Wada aka haife ni, kuma in da wani ya taɓa ce min wata rana zan zauna gaban kwamfuta ina jera sunayen 'ya'yan Turawa ina bincikar halinsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai nema wa ƙanwarsa miji, wallahi da nace a kai shi a duba kansa. Amma na yi, a shekarar 2018, a wata jami'a da ke jihar Ohayo. Ba zan faɗi sunan makarantar ba balle na ƙungiyar, saboda abin da zan faɗa ya taɓa mutanen da yanzu wasunsu sun yi aure suna da 'ya'ya.

Na sauka Amurka a watan Agustan 2016, lokacin nan da dala ta haukace a kasuwar bayan fage, duk kuɗin da Baba zai turo sai ka ji kamar jininsa ka sha. Wata ukun farko ba ni da kowa, daga aji sai ɗaki sai masallacin Juma'a da nake shiga bas biyu kafin na kai. Da hutun nan nasu na godiya ya zo ƙarshen Nuwamba, wanda suke yanka talotalo, sai hostel ya watse ƙaf, abokin ɗakina wani Bature ɗan ƙauye mai son kamun kifi ya dube ni yace haɗa jakarka mu tafi gidanmu. Uwarsa ta dafa min tukunyata daban ba naman alade a ciki, har cokalin juyawa ta ware min. To shi ɗin ɗan furataniti ne, irin ƙungiyoyin nan na ɗalibai maza masu gidansu na kansu, daga nan ya riƙa jana gidansu muna kallon ƙwallo, na san wannan na san wancan, watan Janairu suka miƙo min katin gayyata na karɓa. A riƙe wannan a rai, domin ni da kaina na manta ta wace ƙofa na shiga lokacin da aikin ya dawo hannuna.

Yayata ce ta fara ganin hotona a Facebook da riga mai haruffan Girka a ƙirji, ba ta tambaye ni ba sai ta kai wa Baba. Ina aji wayarsa ta shigo sau huɗu. Da na fito na kira, ko gaisuwar bai bari na ƙarasa ba yace kai, ƙungiyar asiri na tura ka ka shiga? Nace Allah ya huci zuciyarka Baba ba haka ba ne. Kuma ban ga laifinsa ba, tsohon malamin makaranta ne, ya san cewa a 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a kwalejin Ibadan da niyyar kirki, ya kuma san inda ire-irenta suka ƙare daga baya, gatari da bindiga da gawa a bakin hostel. Kalmar ma kusan ɗaya ce, na gida konfurataniti ake ce musu, namu furataniti. Na yi ta masa bayani cewa a nan abin a fili yake, gidanmu na bakin titi da suna ɓaro-ɓaro a goshinsa, makaranta tana da ofis guda da ke kula da mu, sunan kowa na rubuce a wajensu, duk ƙarshen zango sai sun lissafa makin jarrabawar kowane gida sun manna kowa ya gani. Nace masa abin ya tsufa, ta farko Phi Beta Kappa tun 1776 aka kafa ta a Bajiniya, kuma Nkrumah da Azikiwe duk 'yan Phi Beta Sigma ne lokacin da suka yi karatu a Amurka, Martin Luther King kuma ɗan Alpha Phi Alpha. Sunan Nkrumah ne ya ɗan sassauta shi don yana son mutumin. Ya tambaye ni rantsuwar da ake yi, nace na kai wa limamin masallacinmu maganar kafin na yi, ba sujada ba yanka ba jini, alkawari ne na riƙon sirrin gaisuwa da taimakon juna. Ya tambayi giya, a nan na yi shiru kaɗan, nace ana sha Baba amma ni ban taɓa ba. Yace to Allah ya tsare, ya kashe. Ban ce ya yarda ba, ya dai ƙyale ni ne.

Ina cikin makonnin gwaji na sabon shiga, wanda suke ce wa filej, labarin Timothy Piazza ya fito daga jami'ar Penn State a Fabrairun 2017. Yaro ɗan shekara 19, daren da ya karɓi gayyata aka ɗura masa giya ya faɗo daga bene, suka bar shi kwance kusan awa 12 kafin wani ya kira motar asibiti, ya rasu. Duk gidajen furataniti na ƙasar suka shiga taitayinsu, mu namu babu wanda ya ko ɗaga mana murya, iyaka shara da wanke-wanke da haddar tarihin ƙungiya. Shi ya sa na ɗauka gidanmu tsarkakakke ne. Ashe tsoro ne ya kwantar da su na ɗan lokaci.

Nuwambar 2017 aka yi zaɓen shugabanni. Mu 34 ne, 13 za su gama a watan Mayu, gidan kuma yana da gado 26 da sai an cika su kuɗin haya da wuta da inshora ke fita, in ba haka ba kwamitin tsofaffin ɗalibai masu riƙe da gidan sun ce za su ba wasu haya. Kujerar mai nemo sababbin mambobi babu mai so, don kowa ya san in aka samu mutane ƙoƙarin gida ne, in aka rasa laifinka ne kai kaɗai. Wani yace a ba ɗan Najeriya, bakinsa ba ya shiru, kowa a makarantar nan ya san shi. Aka yi dariya aka ɗaga hannu, shikenan na hau. Ni kuma har da jin daɗi, na yi ta murmushi kamar wanda aka naɗa sarauta.

Karon farko, na Janairu, kunya na sha. Suna da mako guda da majalisar furataniti ta makaranta ke warewa, rosh suke ce masa, kowane gida zai buɗe ƙofa yara su zagaya su gani. An haramta giya a duk tarukan neman mambobi, dama dokar ƙasar sai ka kai 21 kake sha, kuma yaran duk 'yan 18 ne. Ni a tunanina taro shi ne nasara, sai na kwashe kasafin da aka ba ni na zuba a fiza da fukafukan kaji da riguna da takardun talla da na bi ina mannawa cikin dusar ƙanƙara hannuna kamar zai guntule. Kuma an zo, kusan mutum 60 a daren farko, falo ya cika ina ta hange ina lissafin gadaje. Sun ci, sun sha lemo, sun karɓi riga, sun wuce gida na gaba inda ake gasa nama. 'Yan gidanmu kuwa sun taru a lungu ɗaya suna hirarsu ta duniya kamar ba su da baƙi. Ƙarshen mako mutum 3 muka samu, ɗaya ma ƙanin wani ɗan gida ne da ko ban yi komai ba zai shigo. Ma'ajinmu ya raba kuɗin da na kashe gida uku ya karanto a taro, nawa kowane kai ya ci, aka yi ta tafi ana min shaƙiyanci.

Bayan sati biyu hedikwatar ƙungiya ta turo wakilinta, irin samarin nan da suka gama digiri ba da jimawa ba ake ɗaukarsu suna zagaya rassa da mota. Muka zauna a kicin yana shan kofi, na fara jero masa uzuri, sanyi ne, kuɗi ne, gidan da ke kusa da mu sun fi mu kyan gini. Ya bar ni na gama yace ina jerin sunayenka? Nace wane jeri? Yace mutum sittin ɗin da suka zo, ba ni sunan goma da lambar wayarsu. Wallahi huɗu na iya kawowa. Sai ya ɗauko takardar goge hannu ya rubuta min matakai biyar da yace tsofaffin abu ne kowa ya sani amma ba mai bi: ka haɗu da mutum, ku zama abokai, ka haɗa shi da abokanka, sannan ka nuna masa ƙungiya, a ƙarshe ka ce ya shigo. Na kalli takardar na fashe da dariya har ya tsargu. Nace ai wannan neman aure ne a garinmu, wa ya taɓa zuwa gidan yarinya ranar farko da akwatin lefe a kai? Ni kuwa abin da na yi kenan, na tara gari na shimfiɗa lefe ban ko san sunan amarya ba. Sai a lokacin tukunyar uwar abokin ɗakina ta faɗo min a rai.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka shirin watan Agusta tun Afrilu na fara shi. Na buɗe shafi a Google Sheets, suna, lambar waya, garinsu, abin da zai karanta, wa ya san shi a cikinmu, yaushe aka yi masa magana ta ƙarshe, me yake so, me yake tsoro. Na tsare kowane ɗan gida sai ya ba ni suna biyar kafin ya tafi hutu, ƙanin aboki ne, wanda suka yi sakandare tare ne, yaron cocinsu ne, wanda suke aiki tare a shago ne, ni dai biyar. Wasu sai da na bi su har ɗaki na zauna bakin gado na ƙi tashi. Tsofaffin ɗalibanmu suka ba da dala 500 a matsayin tallafin karatu ga sabon ɗalibi ɗaya, ba sharaɗin sai ya shiga ƙungiya, yara suka yi ta cike fom, mu kuma muka samu dalilin kiransu mu zauna mu yi hira. Dabara ce, ban ɓoye ba, amma kuɗin an bayar da gaske, kuma wanda ya ci ɗin ma bai shigo ba. Kafin a dawo hutu ina da suna wajen 140.

Abin da ya fi ba ni wuya ba baƙin ba ne, 'yan gida ne. Sai da na zaunar da ƙattin samari ina koya musu hira. Bature in ya ga baƙo sai ya hau ba shi labarin kansa, kofin da muka ci, fatin da muka yi bara. Nace ku yi shiru ku yi tambaya, ku bar yaro ya yi magana, in ya ce daga gari kaza yake kuma akwai ɗan garin a gidan nan ka kama hannunsa ka kai shi, da ɗan gari akan ci gari. Na hana tsayuwar lungu, na ce duk wanda na gani da waya a hannu alhali ga baƙo tsaye shi kaɗai zai wanke banɗakin ƙasa. Sai maganar kuɗi, wadda a kanta muka yi rigima da ma'aji. Al'adarsu ba a faɗa wa yaro kuɗin sai ya riga ya shiga ya saba, sannan a miƙo masa takarda. Ni an yi min haka kuma na san yadda cikina ya juya, kuɗin zango kusan dala 600 ban da haya, a canjin lokacin sama da naira dubu 200, na yi wata biyu ina ƙarin awanni a ɗakin karatu kafin na biya don ban isa na tambayi Baba ba. Na dage sai an buga komai a shafi ɗaya, nawa ke tafiya hedikwata, nawa inshora, nawa abinci, ana iya biya kashi-kashi ko a'a, a ba yaro tun haɗuwa ta biyu ya kai wa iyayensa. Yace za mu kore su. Nace wanda zai gudu gara ya gudu yanzu. Wasu sun gudu kuwa.

Ranar da sababbin ɗalibai ke tarewa muka fito mu ashirin da riga iri ɗaya muna ɗaukar musu kaya, ƙaramin firji da katifa da akwatuna har hawa na shida, ba ma cewa komai game da ƙungiya sai in an tambaya. Iyaye mata sun fi kowa lura da wannan. Bayan nan ba wani babban taro, sai ƙanana, mutum huɗu su ja biyu zuwa ƙwallon kwando, wasu su tafi kamun kifi, wasu karatun lissafi tare, kullum da dare ni kuma ina gaban shafina ina cikewa, na ga wanda aka kwana uku ba a neme shi ba sai na tura saƙo a GroupMe nace wane, yaronka fa.

Babbar Sallah ta faɗo daidai makon buɗe makaranta a shekarar, sai nace bari na yi abu ɗaya da babu gidan da zai iya kwaikwaya. Muka haɗa kuɗi da wasu 'yan Sudan biyu na masallacinmu muka je wata gona aka yanka mana rago, na kawo kasona gida, na ɗauko yajin tsire da Umma ta ƙullo min a leda uku cikin gwangwanin madara. Na kwana ina yanka nama siriri ina tsirewa, na shafe shi da mai na barbaɗa yaji, ga albasa ga tumatir a kan jarida kamar dai a bakin PZ a Zariya. Ƙamshi ya cika layin, har 'yan gidan da ke gasa mana baƙin ciki suka leƙo. Ina tsaye gaban wuta ina juyawa ina jin kaina, sai wani siririn yaro mai tabarau ya matso, ya ɗauki tsinke ɗaya ya kai kusa da baki, sai ya tsaya. Yana da i'ina, ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito, wai akwai gyaɗa a ciki? Na buɗe baki zan ce a'a, yaji ne kawai, sai ƙuli-ƙuli ya faɗo min. Yajin tsire ai rabinsa ƙuli ne! Na fizge tsinken daga hannunsa har ya tsorata. Ya ɗaga rigarsa ya nuna min allurar nan EpiPen da yake yawo da ita a ƙugu, yace in ya ci maƙogwaronsa toshewa yake cikin mintuna. Mu a gida wa ya taɓa jin gyaɗa ta kashe mutum? Jikina ya yi ta rawa, na sa aka kashe kiɗa na hau kujera na yi shela, aka samu wani na biyun ma. Na wanke hannu na gasa masa nasa daban a kan takardar ƙarfe da gishiri kawai, ya zauna gefena yana ci muna hira har aka watse. A ɗakin cin abinci na makaranta yake aiki, ɓangaren wanke kwanuka, uwarsa ce kaɗai ta rene shi, injiniya yake son zama.

Daren zaɓe shi ne inda ake ganin halin gida. A kashe fitila a haska hoton yaro a bango, wanda ya san shi ya tashi ya yi magana, a jefa ƙuri'a, a ƙa'idar gidanmu mutum uku suka ce a'a ya faɗi. Akwai wani ɗan tsohon mamba, babansa na ba gida kuɗi, ya zo da mota mai tsada, na ji da kunnena yadda ya yi wa wata mai shara magana, amma hotonsa ko minti ɗaya bai yi a bango ba ya wuce, ni kaɗai na ce a'a. Da aka zo kan mai tabarau sai ɗakin ya yi tsit, wani daga baya ya kwaikwayi i'inarsa aka yi ƙasa-ƙasa da dariya, wani yace yaron kirki ne amma bai dace da mu ba. Wannan kalmar ta bai dace ba, na lura, ita ce rigar da ake sa wa duk abin da ake jin kunyar faɗa. Na tashi nace shekara ɗaya da rabi da ta wuce hotona ne a bangon nan, baƙi, Musulmi, ba ya shan giya, Turancinsa sai an kasa kunne, wa ya dace a cikinmu ni ko shi? Nace makinsa ya fi na kowa a jerin nan, makaranta matsakaicin maki 2.5 take nema shi yana can sama, kuma sau uku yana zuwa duk ukun shi ke tsayawa kwashe shara. Abokin ɗakina ya mara min baya. Aka jefa, a'a biyu. Ya tsallake da ƙyar.

Kati 19 muka raba, muka sa kwat muka bi ɗakunansu muna ƙwanƙwasawa, 15 suka karɓa. Gado ya cika, wakilin hedikwata ya turo saƙon yabo, ma'ajin da ya yi min ba'a shi ya ɗaga ni sama. Washegari da yamma baƙuwar lamba ta kira ni, uwar mai tabarau ce, a takardar kuɗin nan ta samu lambata. Tace ta ga abin da ya faru a Penn State a talabijin, ɗanta shi kenan gare ta, tana so na faɗa mata gaskiya, za a yi masa wani abu? Nace Madam babu abin da zai same shi, ni na kawo shi, ni ne a tsaye. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Da na ba Baba labarin nasarar ina ta zuba, yara 15 Baba, ba a taɓa samu ba. Yace to madalla, 'ya'yan mutane ka tara kenan, in wani abu ya sami ɗaya wa zai je gaban iyayensa? Nace ai ba abin da zai faru. Yace ban tambaye ka ko zai faru ba.

Watan Oktoba ake daren da kowane sabon shiga zai san babban wansa a ƙungiya, wanda zai riƙa kula da shi. A gida aka yi, lemo da kek, aka watse ƙarfe goma na tafi ɗakin gwaji ina da aikin da zan miƙa da safe. Abin da ban sani ba, 'yan ajin ƙarshe sun shirya kashi na biyu a wani gidan haya a wajen makaranta, wai al'ada ce da aka dakatar bara saboda idon duniya, yanzu ƙura ta lafa. Irin gwale-gwalen siniyoyi a makarantar kwana ne, an yi min sai na yi wa wani, sai dai nasu ba tsallen kwaɗo ba ne, kwalba ce ake miƙa wa yaro a ce kai da iyalinka na ƙungiya sai kun ga ƙarshenta. Ba su gaya min ba don sun san ni. Ƙarfe ɗaya saura wani daga cikin yaran ya turo min saƙo, kalma uku, ka zo yanzu, da adireshi.

Na same shi kwance a doguwar kujera, sun goya masa jakar makaranta cike da littattafai a baya wai don kar ya juya rigingine ya shaƙe da amai, tabaransa na ƙasa an taka. Na kira sunansa, na girgiza shi, na mintsine shi, ko motsi. Jikinsa sanyi, leɓensa ya canja launi, numfashin sai ka jira ka jira kafin wani ya zo. Wani ƙato da muka shekara biyu muna cin abinci tare ya dafa ni yace barci ne, kowa ya bi ta nan, da safe zai tashi, in ka kira an rufe gidanmu. Wani ya tsaya a bakin ƙofa. Makarantar tana da ƙa'ida cewa wanda ya kira taimako saboda maye ba za a hukunta shi kan shan ba, kowa a ɗakin ya san da ita, ni da bakina na karanta wa yaran, amma ba ta rufe laifin ƙungiya, abin da suke tsoro kenan. Ba zan yi ƙarya ba, na tsaya. Na yi tunanin gadaje 26, da wata bakwai da na kashe, da bizata in abin ya zama na 'yan sanda. Ban san daƙiƙa nawa ba ne amma na tsaya, kuma har yau ita ce tsayuwar da ke hana ni barci wani lokacin. Sannan na danna 911.

A asibiti likita tace da an bar shi zuwa safe da wata maganar ake. Ƙarfe uku na dare na fita waje cikin sanyi na kira uwarsa. Awa biyu ta yi tana tuƙi. Da ta shigo ta wuce ni ta shiga wajensa, ta daɗe, ta fito ta tsaya gabana tace kai ne wanda na yi waya da shi? Nace ni ne. Tace ka ce kana tsaye. Ban ce komai ba, me zan ce. Can tace nas ta gaya min kai ka kira, ta juya ta koma ciki. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu kenan har yau.

Makaranta ta dakatar da mu, aka yi bincike, na faɗi abin da na gani ban rage ba. Hedikwata ta kori mutum huɗu, aka hana mu ɗaukar kowa a zangon da ya biyo. Wata guda ana tashi daga tebur in na zauna, wani ya rubuta min kalmar ɓera a ƙofar ɗaki, haka suke kiran mai kai rahoto. Sai a tsakiyar Nuwamba labari ya zo daga wata jami'ar a nan cikin Ohayo, Collin Wiant, ɗan shekara 18, sabon shiga, ya mutu a wani gidan haya na 'yan ƙungiya. Ranar babu wanda ya yi magana a wajen cin abinci. Da dare na tarar an goge rubutun ƙofata, ban san wa ya goge ba. Sunan yaron nan aka sa wa dokar da jihar ta yi a 2021 wadda ta mai da irin wannan gallazawar babban laifi, ta tarayya kuma sai Disambar 2024 Biden ya sa mata hannu.

Cikin 15 ɗin nan 11 suka tsaya aka rantsar da su. Mai tabarau ba ya ciki. Ya zo da kansa ya ajiye ɗan bajen sabon shiga a kan teburina, yace ba fushi yake da ni ba, kawai in ya shigo falon nan cikinsa ke murɗawa. Mun ci gaba da gaisawa, in na je cin abinci yakan leƙo ta tagar wanke-wanke ya ɗaga min hannu da safar roba, ya gama digirinsa shekara biyu bayana. Da na miƙa wa magajina shafin sunaye na ƙara layi ɗaya a gefe, lambar uwa ko uba, nace duk wanda za ka ba kati ka kira gidansu da bakinka tukunna. Yace aiki ne mai yawa. Nace eh.

Baba kuwa sai da na yi sati uku kafin na iya gaya masa. Na zaci zai ce ai na faɗa maka, ko ya ce na fita daga ƙungiyar yau ɗin nan. Ya saurara har na gama, yace ka je gaban uwar? Nace na je. Yace ta zage ka? Nace a'a. Yace da ta zage ka da ka fi samun sauƙi. Daga nan har na gama makaranta, duk wayar da za mu yi, bayan ya tambayi karatu da sanyi, sai ya ce ya jikin yaron nan mai gyaɗa.